Gidan da Aka Ba Takardar Yabo

Duk abin da za a faɗa a kan Yaya, ba za a ce bai iya sa hannu ba. Sai ya gyara zama, ya cire murfin biro da haƙori, ya karkatar da kai, sannan ya ja wani dogon layi ya murɗe shi sau biyu, ya ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Shekararsa goma sha ɗaya yana haka a ofis, hannun ya faɗa. Kowace Lahadi da hantsi, in ya gama karyawa, sai ya ƙwala wa ƙanwarsa Auta kira ta kawo katin.

Katin na ajin yamma ne. Wata ƙungiya ce ta buɗe ajin a makarantar su Auta, don 'yan ajin ƙarshe na sakandare waɗanda aka ga alamar ko dai su faɗi jarrabawar fita, ko su daina zuwa tun ba a kai gare ta ba. Mutum talatin aka ɗauka, Auta na ciki, domin lissafinta ya zube har malamin ajinsu ya daina kiran makinta a bainar jama'a don tausayi. Litinin da Laraba da Alhamis, in an tashi ƙarfe biyu, sai su zauna da Malama har huɗu da rabi. Kowa kuma an ba shi kati mai layi bakwai, ya rubuta awa nawa ya yi karatu a gida kowace rana, babba a gidan ya sa hannu.

"Awa biyu-biyu ko?" in ji Yaya, bai ko ɗago ba.

"Yaya, wannan satin dai..."

"Biyu-biyu," ya ce. Ya cike layukan bakwai da kansa, ya murɗa sa hannunsa a ƙasa, ya miƙa mata. "Je ki, kamar na ji motsin Mama."

Wata goma sha huɗu ke nan da ɓarin jikin Mama na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Abin da ya rage mata a baki "to" ne kawai. Da ita take amsa gaisuwa, da ita take neman ruwa, da ita take cewa ana ji mata ciwo. Amma kunnenta ras yake, hankalinta ma haka. Auta ce kaɗai a gidan ta riƙe wannan a ranta, sauran kuwa a kan Mama suke tsayawa su yi maganarta kamar ba ta ɗakin.

Ranar Auta tana farawa tun gari bai gama wayewa ba. Ta ɗora ruwa, ta cire wa Mama famfas, ta goge ta da tsumma mai ɗumi, ta mirgina ta gefe ta janye rabin zanin gado, ta mirgino ta ta janye ɗaya rabin. Ta goge ledar katifa, ta shafa mata mai a baya da ƙugu da dugadugai. Ta niƙa ƙwayoyin magani da bayan cokali, ta ba ta abinci kaɗan-kaɗan, kowane cokali sai an jira ya wuce, wani ma ya dawo ta gefen baki a sake tarowa. Sannan ta jiƙa zanin a bokiti, ta zura yunifom ta fita da sauri-gudu. In ta dawo, yadda ta bar Mama haka take samunta, sai dai jiƙa da ta ƙaru.

Kada a ɗauka gidan kango ne. Akwai Anti, matar Yaya, tana nan safe da yamma tana sayar da jakunkuna da takalma ta waya. Hujjarta kullum a shirye take, da murya mai taushi kuma take faɗinta. "Ni fa suruka ce. Da wane ido zan buɗe jikin Mama? Ita kanta ba za ta so ba, wallahi kunya sai ta kashe ta. Amma ai ina leƙa ta." Tana leƙawar kuwa. Ta tura ƙofa da yatsa biyu, ta ce "Sannu Mama," ta ja ta rufe saboda wari. Yaya shi namiji ne, ya sha faɗa, kuma shi ke sayo magani da famfas, mutum ɗaya ba ya yin komai da komai. Sai babbar yayarsu mace da ke aure a wani gari, wadda Auta ke kira Yayar Waya a ranta, domin rabon da a ga fuskarta tun watan da aka sallamo Mama daga asibiti. Kullum bayan magariba sai ta bugo.

"An juya ta? An shafa mata man nan da na ce? Auta, ki riƙe da kyau, lada kike kwasa. Mu da muke nesa mu muka yi asara."

Ladan nan kowa a gidan yana yabonsa, amma ba wanda ya taɓa cewa a ɗibar masa ko cikin cokali.

Ajin yamma shi ne kaɗai wurin da Auta ke zama a kujera ba tare da kunnenta na jiran kira ba. Malama doguwa ce mai ƙaramar murya, takan wuni tana koyarwa a wata makarantar kafin ta zo musu, alli har a gefen mayafinta. Ba ta tsawa. In mutum ya kasa sai ta jawo kujera kusa da shi ta ce, "Nuna min inda ka ɓace, mu koma can mu taho tare." A hannunta Auta ta gane cewa x ɗin nan da ake ta nema ba aljani ba ne, lamba ce kawai ta ɓuya. Gwajin farko ta ci ashirin da biyu cikin ɗari, na wata na uku ta ci hamsin da ɗaya. Ranar nan da takardar a hannu ta shigo gida, ta buɗe ta a gaban Mama. Mama ta ce "to" har sau uku, hawaye na bin kumatunta. Tun daga ranar Auta ta fara yarda cewa za ta iya cin jarrabawar fita, ta nemi makarantar koyon jinya. Aikin dai ta riga ta iya, takardar ce babu.

Sai ciwo ya fito wa Mama a ƙugu. Da farko ja ne kawai, daga baya fatar ta saɓule ya fara ruwa. Ma'aikaciyar jinyar da Yaya ya ɗauko ta duba ta ja tsaki, ta ce ciwon kwanciya ne, ta tambaya awa nawa ake barin baiwar Allah nan a gefe ɗaya. Ta ce duk bayan awa biyu a juya ta, kada kuma a bar ta cikin jiƙa, in ba haka ba ciwon zai ci har ƙashi.

Da ta tafi aka yi zama a falo, aka buɗe muryar waya don Yayar Waya ta ji. Auta na tsaye bakin ƙofa da bokiti a hannu. Manya uku suka juya maganar ta kowace fuska, aka yi ta salati, Anti har da share hawaye da gefen ɗankwali. Daga ƙarshe suka gano inda matsalar take. Ranakun ajin yamma ne Mama ke daɗewa a kwance.

"Ki ajiye Alhamis," in ji Yaya. "Kwana biyu a sati ai ya ishi mai ƙwaƙwalwa."

"To da safe fa, Yaya? Ai daga bakwai zuwa biyu ma ba na nan."

"Antinki za ta riƙa juya ta."

Anti ta juya ta kwana biyu. Rana ta uku bayanta ya riƙe, ta kwanta tana warin man zafi, waya a hannu. Sai ya zama in an fita shan iska a makaranta Auta ta rugo gida ta juya Mama ta koma, darasin da ke biye ya wuce ta. Bayan sati biyu Litinin ma ta bi Alhamis, domin ranar ce Anti ke fita karɓo kaya, kuma ai ba a barin mara lafiya ita kaɗai. Aka bar wa Auta Laraba, ita ma in ba a yi baƙi ba. Littafin lissafin yana kan taga a ɗakin Mama. Takan buɗe shi bayan ta shanya zani, ta karanta tambaya ɗaya sau uku ba ta shiga ba, sai ta farka ta ga kanta a jingine da ƙafar gado, Mama na cewa "to, to" a hankali don kada ta firgita ta.

Wata Laraba bayan an tashi, Malama ta tsayar da ita. Ta kama hannunta ta juya tafin. Fatar yatsun duk ta tsattsage saboda ruwa da sabulu.

"Katinki ya ce awa goma sha huɗu a sati. Aikin da na ba ki kuma ko taɓa shi ba ki yi ba. Wanne zan yarda da shi?"

"Mamanmu ce ba lafiya, Malama."

"Wa ke jinyarta?"

"Muna yi."

"Ku wa?"

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Malama ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta riga ta san amsa.

"Saurare ni da kyau. Wata mai zuwa masu ɗaukar nauyin ajin nan za su turo a tantance mu. Sun ce talatin sun yi yawa, ashirin za a bari. Ba fuskarku za su duba ba, takarda za su duba. Ki rubuta gaskiya a katin nan, kin ji ko?"

Ranar Lahadi Auta ta cike katin da hannunta kafin a kira ta. Sifili, sifili, rabin awa, sifili, haka har ƙasa. Yaya ya karɓa da murfin biro a haƙori, ya duba, ya cire murfin ya ajiye.

"Mene ne wannan?"

"Gaskiyar ke nan, Yaya. Malama ta ce..."

"Malama ta ce ki tona min asiri? A ɗauki takarda a kai ofishin mutane, a ce ga gidan ma'aikaci guda, mai digiri, ƙanwarsa ba ta samun ko awa ɗaya ta buɗe littafi?" Sai ya sassauta murya, domin Yaya a ganin kansa ba mugu ba ne. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda takarda ke aiki ba. Suka ga sifili, cewa za su yi ba ki da himma su kore ki. Taimakonki nake yi."

Ya jawo jakarsa ta ofis ya ɗauko farin ruwan nan na goge rubutu. Ya shafe sifilan ɗaya bayan ɗaya, ya hura musu iska suka bushe, ya rubuta biyu a kan kowanne.

Mai tantancewar ta zo a farkon wata. Matashiya ce mai gilashi, da kwamfutar hannu da ba ta rabuwa da ita. Kwana uku ta yi a makaranta, ta duba rajistar zuwa aji, ta tattara katunan wata shida ta shigar da alƙalumansu, ta yi musu sabon gwaji. Auta ta ci arba'in da uku. Daga nan ta ce za ta bi gidajensu, kuma da yake mai ladabi ce, ta bugo wa kowane mai gida waya kwana biyu kafin ta zo.

Ranar Yaya ya ɗauki hutun rabin wuni, abin da bai taɓa yi ba tun da Mama ta kwanta. Aka fito da teburin da Anti ke jera takalma tana ɗaukarsu hoto, aka kai shi kusurwar falo, aka ɗora masa fitila da littattafan Auta. Auta ta yi wa Mama wanka ta sa mata sabuwar riga, ita da Yaya suka cicciɓo ta zuwa falo aka tokare ta da matasan kai a kujera. Wata biyar rabon Mama da ganin falon nan, sai bin bango take da kallo. Aka fesa turare. Anti ta ɗauko kwano da cokali ta zauna gefenta, ciwon bayan nan nata ya warke sarai.

Gida na bakwai ke nan da baƙuwar ta shiga a ranar, gajiya har a muryarta. Ta gaida Mama da girmamawa, ta zauna ta fara karanto tambayoyi. Akwai wurin karatu? Yaya ya nuna tebur. Akwai mai duba mata aiki? Yaya ya dafa ƙirji, ya ɗan yi jawabi a kan ilimin 'ya mace, har da cewa shi a gidansa ba a wasa da littafi.

"Wa ke kula da mara lafiyar?"

"Mai ɗakina, sai ni in na dawo. Auta takan ɗan taimaka, kin san 'ya da uwa."

Daidai nan Anti ta kai cokali bakin Mama ta gefen da ya shanye, domin ba ta san ta wane gefe ake ba ta ba. Abincin ya zubo a kan sabuwar riga. Hannun Auta ya miƙe da kansa zai gyara, Yaya ya watso mata wani kallo, ta mayar da shi kan cinya. Baƙuwar ba ta gani ba, tana danna kwamfuta.

Sai ta ɗago ta dubi Auta. "Malamarki ta ce min kamar jinya na hana ki karatu. Gaya min, rashin lafiyar Mama ce ke hana ki zuwa aji?"

Tambayar da Auta ta yi wata guda tana jira ke nan, ta shirya amsarta a hanyar makaranta ya fi sau ashirin. Amma ba ta taɓa zaton a gaban Mama za a yi ta ba. Ga ta nan taku uku tsakaninsu, abinci a haɓa, ido a kan 'yarta, tana jin kowace kalma. Ta yaya mutum zai buɗe baki a gaban uwarsa ya gaya wa baƙuwa cewa ita ce kayan da ya danne shi?

"A'a," ta ce.

"To me ke hana ki zuwa?"

"Ta fi gane karatu a gida ne," in ji Yaya. "Ni nake zama da ita."

"Haka ne?"

"Haka ne," in ji Auta.

Baƙuwar ta danna abin da za ta danna, ta yi wa Mama fatan samun sauƙi, ta ƙi shan lemon da aka kawo saboda sauran gidaje uku na jiranta. Duka-duka minti goma sha biyu ta yi. Kafin la'asar an mayar da Mama ɗakinta, teburin ya koma ƙarƙashin takalma.

Bayan sati biyu aka aiko da ambulan mai takarda biyu. Ta farko ta ce ɗalibar ta ci gaba daga ashirin da biyu zuwa arba'in da uku, tana da awa goma sha huɗu na karatu a gida duk sati, da wurin karatu, da mai duba mata aiki, wannan ne ma ya sa ba ta yawan buƙatar zuwa aji. Saboda haka an sa ta cikin waɗanda suka tsaya da ƙafarsu, kujerarta za ta koma ga wanda ba shi da kowa. Ta biyun takardar yabo ce ga mai gidan, da zanen zinariya a gefe, saboda tsayawarsa a kan karatun ƙanwarsa.

Yaya ya shiga har ɗakin Mama ya karanta ta da ƙarfi. "Mama, kin ji? An yabi gidanki." Ya ɗauki hotonta ya tura wa Yayar Waya, ita kuma ta bugo tana guɗa. Washegari aka sa takardar a gilashi aka rataye a falo.

"Alhamdulillahi," in ji Anti. "Yanzu Larabar ma ta dawo gida, dama ranar ce na fi samun masu saye."

Malama ba ta yi faɗa ba, ta gaji da yawa. A bakin ajin da Auta ba ta da kujera a cikinsa yanzu suka tsaya. "Na gaya wa mai tantancewar, wallahi na gaya mata. Ta ce ta je ta gani da idonta, kuma ke da bakinki kin ce a'a. Ni me zan ce bayan wannan?" Ta zaro wani fom daga jaka. "Wannan na neman a sake dubawa ne. Ki rubuta yadda abin yake, duka. Sati ɗaya suka bayar. Sai dai a ƙasa akwai wurin sa hannun mai gida, in babu shi ba sa karɓa."

Auta ta rubuta, shafi guda cur. Ranar Asabar da yamma ta tare Yaya a bakin ƙofar Mama, ya zo yin sannunsa ta kullum daga tsaye. Ya karanta har ƙarshe, fuskarsa na canzawa.

"Wato in sa hannu cewa ƙarya na yi wata shida? Su zo su cire takardar can daga bango?"

"Yaya, saura sati goma jarrabawa. In ba ajin nan, wallahi faɗuwa zan yi."

"To ki yi karatu a gida mana, wa ya hana ki? Yara nawa ne ke ci ba tare da wani ajin yamma ba? Lalaci ne kawai irin na 'yan yanzu."

Kalmar lalacin nan ce ta ɓalle abin da Auta ta daɗe tana dannewa. Ba ta san sanda muryarta ta tashi ba.

"Yaushe? Yaushe zan yi, Yaya? Sau shida nake canza ta a rana, sau shida! Ina buɗe littafi ta jiƙe, in wanke in shanya in dawo ta sake jiƙewa. Ko ruwa na ba ta na san nan da awa ɗaya aiki ne ya dawo min! Kai ka taɓa ɗaga zanin nan ko sau ɗaya?"

Sai da ta rufe baki ta tuna ƙofar a buɗe take. Mama na kwance, idonta a kan rufin ɗaki, ba ta ko ƙifta.

"A gaban mahaifiyarki kike faɗin wannan?" in ji Yaya, da muryar wanda aka miƙo wa mafita. "Kin ji kunya wallahi." Ya ninke fom ɗin huɗu ya sa a aljihu ya wuce. Daga ranar ba a sake ganin fom ɗin ba.

Auta ta durƙusa gaban gado ta kama hannun Mama na hagu, mai sauran ƙarfi. "Mama, ba haka nake nufi ba. Wallahi ba ke ba ce. Ki yafe min." Mama ta ɗan matse yatsunta ta ce, "To."

Satin da ya biyo baya sai aiki ya yi sauƙi ba zato. Ranar Litinin ta dawo daga makaranta ta taɓa famfas ta ji shi a bushe. La'asar ta yi, a bushe. Auta, da wautar wanda ya gaji, ta yi murna. Ta zauna a ƙasa gefen gado ta yi shafi huɗu na lissafi ba wanda ya katse ta, ranar Talata ta yi shida. Ta ce a ranta ko sabon maganin ne ya fara aiki. Har ta gaya wa Yayar Waya, ita kuwa ta ce ai addu'ar da take yi ce daga can.

Ranar Alhamis tana goge wa Mama fuska ta ga leɓenta ya tsattsage, harshen ya bushe, idanun sun faɗa. Ɗan fitsarin da ya fito kuwa ja ne kamar shayi. Nan ta tsaya da tsumma a hannu tana tunawa. Kwana biyar ke nan duk sanda ta kawo kofi, Mama kan kurɓi ɗan kaɗan ta kawar da kai. Ita kuma ba ta matsa ba, takan ajiye da sauri ta koma kan littafi, har tana jin daɗi.

Ta ɗebo ruwa ta tallafo kan Mama. Mama ta datse baki. Ta sake kai kofin, Mama ta ɗaga hannun hagu da kyar ta ture shi, ruwa ya zuba a hannun Auta. Sannan ta miƙa yatsa tana nuna littafin da ke buɗe a ƙasa.

"To," ta ce, muryar a shaƙe. "To."

Gida mai manya uku masu lafiya, ga mai digiri, ga mai ciniki, ga mai addu'a daga nesa, aka rasa wanda zai samo wa yarinya lokacin karatu sai matar da rabin jikinta ya mutu, ita ma da ƙishirwarta ta samo shi. Ba wanda ya daki Auta a gidan nan, ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya taɓa cewa ta bar makaranta. Kowa dai ya ja da baya taku ɗaya da hujjarsa mai kyau a hannu, aka bar mafi ƙanƙanta da mafi rauni su biyu a ɗaki, kowace na cin ran 'yar'uwarta tana neman gafara. In an tambayi Yaya gobe zai rantse yana son ƙanwarsa, kuma ba ƙarya zai yi ba. Wannan shi ne abin da ya fi gajiyar da mutum.

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Ta rufe littafin, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa inda Mama ba za ta gan shi ba. Ta ɗauko cokali ta ɗebi ruwa ta kai ta gefen hagu.

"Ba zan sake buɗe shi ba sai kin sha, Mama. Wallahi ba zan buɗe ba. Buɗe bakin."

Suka daɗe suna kallon juna. Can sai leɓen ya saki. Cokali ɗaya, biyu, sannan Mama ta kama gindin kofin da kanta tana haɗiya da sauri har tana ƙwarewa, ta shanye, Auta ta ƙaro wani. Dukansu sun san abin da zai biyo baya.

Kafin magariba zanin gado ya jiƙe sharkaf. Auta ta miƙe ta ɗauko bokiti. Saura sati tara jarrabawa, littafin kuwa ba ta jawo shi ba ranar, ba ta jawo shi ba washegari.